Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Amsar Wasiƙunku a Kan Matsi a Wasan Birij

Wasiƙu uku ne a gabana wannan makon, kuma duk ukun abu ɗaya suke kewayawa, wato wata dabara a birij, wasan karta na mutum huɗu bibbiyu, wadda Turawa ke kira sikwiz, mu kuma a teburinmu na Tudun Wadan Gombe muke ce mata matsi. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin mai ita bai yi ƙyuya ba, ya rubuto mini katunan kowa ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda bai saba ba: Arewa da Kudu abokai ne, Gabas da Yamma abokan hamayyarsu; kwantiragi shi ne alkawarin cin adadi kaza cikin zagaye 13; turom kuwa dangin katin da aka zaɓa ya rinjayi sauran.

Daga wani malamin sakandare a Kumo: "Baba, barka da ƙoƙari. Mu huɗu muke buga birij duk Asabar bayan la'asar. Makon jiya ina zaune a Kudu na ɗauki kwantiragin ci 12 babu turom. Da abokina ya shimfiɗa katunansa na ƙirga ci 11 tabbatattu. Yamma ya fito da Sarkin ganye, na sa As na karɓe, na kwashe daimon huɗu, na gwada zuciya ba ta rabu daidai ba, na gwada shebur ita ma haka. Na faɗi da ci ɗaya. Abokina ya ce da Baba ne da ya cika. Ni kuwa na ce rashin sa'a ce kawai. Wa ke da gaskiya?"

Ɗana, abokinka ya fi ka gaskiya, amma ba don ni ba ne. Duk wanda ya san abin da zan gaya maka yanzu zai cika wannan kwantiragi, kuma kai ma daga yau za ka cika shi.

Bari in sa wa sauran masu karatu katunan a gabansu, da haruffan da ke jikinsu: A shi ne As, K Sarki, Q Sarauniya, J kuma Jak.

Arewa, wato hannun da aka shimfiɗa: shebur K Q 5 2, zuciya A 6 3, daimon K Q 4, ganye 7 5 3.

Kudu, mai kwantiragi: shebur A 7 4, zuciya K Q 5 2, daimon A J 10 6, ganye A 8.

Yamma: shebur 10 6, zuciya 9 7, daimon 9 7 3 2, ganye K Q J 10 9.

Gabas: shebur J 9 8 3, zuciya J 10 8 4, daimon 8 5, ganye 6 4 2.

Lissafinka na farko daidai ne. Uku a shebur, uku a zuciya, huɗu a daimon, ɗaya a ganye, 11 ke nan, kana neman 12 daga cikin 13. Fatanka shi ne katuna shida da suka rage a hannun abokan hamayya, a shebur ko a zuciya, su rabu uku da uku, ta yadda ƙaramin katinka na huɗu zai zama ci. To ka sani, katuna shida suna rabuwa uku da uku ne kusan sau 36 cikin 100, alhali rabuwar huɗu da biyu ta kai kusan sau 48. Wato abin da ya same ka ba baƙon abu ba ne. Rabuwar huɗu da biyu ita ta fi yawan faruwa a kowane dangi, kuma mai wasa da ita ya kamata ya yi shiri tun kafin ya taɓa kati.

Yanzu dubi Gabas da kyau. Shi kaɗai ke riƙe da shebur huɗu, shi kaɗai ke riƙe da zuciya huɗu. Yamma ba shi da abin da zai tsare a waɗannan dangogi biyu, bibbiyu gare shi. Ka ɗauka mai gadi ɗaya ne aka ba shi rumbuna biyu a Tudun Hatsi, ɗaya a wannan layi, ɗaya a wancan. Muddin ba a tilasta masa ya zaɓa ba, zai yi ta kai da kawowa, kuma duka biyun suna tsare. Aikinka shi ne ka kai shi lokacin da dole ya tsaya a ƙofa ɗaya ya bar ɗayar. Don ya tsare dangogin nan biyu yana bukatar katuna takwas a hannunsa, huɗu da huɗu. Ranar da katunan hannun kowa suka koma bakwai, ya shiga uku.

Ga inda ka yi kuskure, kuma a katin farko ne. Da ka sa As a kan Sarkin ganye, Gabas ya bi da 2, ya rage masa ganye 6 da 4. Waɗannan biyun ba su tsare komai, rara ce. Ka kwashe daimon huɗu: ya bi sau biyu, sau biyu kuma ya zubar da rararsa hankali kwance. An yi zagaye biyar, kowa na da katuna takwas, kuma takwas ɗin nan su ne daidai abin da yake bukata. Ka matsa, amma akwai sauran wuri a buhun, don haka babu abin da ya fashe. Daga ƙarshe ya ci zagaye biyu na ƙarshe da Jak ɗin shebur da Jak ɗin zuciya.

Da ka ƙyale Sarkin nan ya ci, ka sa 8 a ƙarƙashinsa, da labari ya sha bamban. Yamma zai ci gaba da Sarauniyar ganye, ka karɓe da As. Gabas ya bi sau biyu, rararsa ta koma kati ɗaya tak, ganye 6. Sai ka shiga daimon. Na farko ya bi, na biyu ya bi, na uku ya yar da ganye 6. Da ka ajiye daimon na huɗu a tebur, Arewa ya yar da ganye 7 da ba ta da amfani, sai ido ya koma kan Gabas. Katuna takwas ne a hannunsa, duka masu gadi, kuma dole ɗaya ya fita. In ya saki zuciya, As da Sarki da Sarauniyarka za su share sauran, 5 ɗinka ta zama ci na 12. In ya saki shebur, 5 ɗin da ke hannun Arewa ce za ta ci. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ka yi a zagayen farko ke nan da ka ƙyale: ka daidaita lissafi. Kwantiraginka ya yarda ka rasa ci ɗaya, kuma ko ka so ko ka ƙi sai ka rasa shi, tunda ba ka da 13. Tambayar kawai ita ce yaushe. In ka bayar da shi da wuri, ka cire wa kowane ɗaya daga cikinsu kati ɗaya na rara, kuma ka kai matsayin da duk sauran zagayen naka ne in ban da ɗaya. Matsi na yau da kullum a wannan matsayi kaɗai yake aiki. In ka riƙe shi sai ƙarshe, ka bar wa mai gadi wurin shaƙar iska.

Na san abin da ke hana mutane. Hannu ba ya son ganin Sarki yana wucewa alhali As na nan, musamman a kwantiragin ci 12, inda mutum ke jin kamar in ya saki ɗaya ya tsaya a bakin rami. Ni ma haka na ji a 1979, lokacin da nake sabon malamin lissafi, Gombe kuma tana cikin Jihar Bauchi. Wani malami Ba'indiye da muke koyarwa tare shi ya koya mini wasan, a barandar gidansa, da fitilar ƙwai a gefen tebur. Wani dare na kai hannu zan ciro As a zagayen farko, sai ya ce in dakata in gaya masa ci nawa nake da su, ci nawa kuma nake nema. Na ce 11, ina neman 12. Ya ce to wanda za ka rasa ɗin, ajiyarsa kake yi wa wa? Na mayar da As ɗin. Zagaye biyar bayan haka na ga wani dattijo ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a damana ya ciro kati har rabi, ya mayar, ya ciro wani, ya mayar, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya sake dubawa. Babu wanda ya yi magana. Da ya ajiye katin daga ƙarshe, a hankali ya ajiye shi, kamar mai biyan bashin da ya san bai ci ba. Tun daga daren nan ban ƙara kallon ƙananan katuna da raini ba. Biyar ɗin zuciya ce ta ci mini wasan.

Akwai wani abu da zai sauƙaƙa maka, domin mutane da yawa suna gudun matsi ne saboda sun ɗauka sai mai riƙe katuna 52 a ka. A wannan hannu ba ka bukatar haka. Ba ma sai ka san ko Gabas ne ko Yamma ke riƙe da dangogin biyu ba, domin barazanarka, wato katunan da za su zama ci in mai gadi ya saki, a rabe take, ta shebur tana Arewa, ta zuciya tana hannunka, kuma kana da hanyar shiga kowane ɓangare. Duk wanda ke gadin biyun a cikinsu, matsin zai kama shi. Abin da za ka ƙirga zuciya ce kawai. Bayan daimon na huɗu, ka buga As, Sarki da Sarauniyar zuciya, ka ƙare a hannunka. In zuciya 12 sun fita, taka ta 13 ta ci. In ba su fita ba, ka juya shebur, As, Sarki, Sarauniya, za ka tarar 5 ta zama sarauniyar kanta.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Kada ka ce tunda Baba ya ce a ƙyale, kullum sai a ƙyale. In kwantiragin na ci 13 ne, babu abin da za ka bayar, lissafin a daidaice yake tun farko. In kuma kana neman tara kana da takwas, huɗu za ka iya rasawa, kuma sai ka tabbata in ka sakar musu ba za su kwashe biyar su kayar da kai ba. Ka fara ƙirga abin da za su iya ci kafin ka buɗe musu ƙofa.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Azare: "Baba, ni a waya nake bugawa in na tashi daga aikin dare. Na karanta yadda ake matsi, na daidaita lissafi, na kai katuna uku na ƙarshe. Arewa na da As da Jak na shebur da Sarkin zuciya. Ni ina da As ɗin ganye, ƙaramin shebur da wani ƙaramin daimon. Na buga As ɗin ganye, amma ni ce na rasa abin da zan yar daga Arewa. Me ya faru?"

'Yata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Ba ki yi kuskuren lissafi ba, wurin zama ne ya juya miki baya.

A wannan matsayi mai gadin yana riƙe da Sarki da Sarauniyar shebur da As ɗin zuciya. In Yamma ne, wato wanda ke hagunki, shi zai fara yar da kati kafin Arewa. Ya saki As ɗin zuciya, ki yar da Jak ɗin shebur, ki shiga da As ki ci da Sarkin zuciya. Ya saki Sarauniyar shebur, ki yar da Sarkin zuciya, As ya kayar da Sarkinsa, Jak ya ci. Kina ganin abin da ya yi kafin ki zaɓa. Amma a hannunki Gabas ne ke riƙe da su, shi kuwa bayan Arewa yake wasa. Ke za ki fara zaɓa, shi ya zuba ido, duk abin da kika yar ya yar da mai gadinsa. Matsin ya koma kan hannunki na shimfiɗe.

Wani farfesan lissafi a Jami'ar Michigan ta Amurka, Clyde Love, ya fitar da littafi a kan matsi a 1959, kuma cikin sharuɗɗa huɗu da ya kafa akwai wannan: lalle aƙalla ɗaya daga cikin barazanarki biyu ta kasance a hannun da ke wasa bayan wanda ake matsa wa. Sauran ukun kin riga kin cika su, wato mutum ɗaya ne ke gadin dangogin biyu, ci ɗaya ya rage miki ki rasa, kuma kina da ƙofar shiga wurin barazanar. Na huɗun ne ya kuɓuce. Da Sarkin zuciyar nan a hannunki yake maimakon ƙaramin daimon, Arewa kuma yana riƙe da katin banza da zai yar, da ko Gabas ko Yamma duk ɗaya ne, kamar hannun malamin Kumo.

Saboda haka tun wasa na tsakiya ki riƙa tambayar kanki wane ne mai gadin, kuma ina barazanata take zaune. Wani lokaci ana iya gyara zaman tun da wuri. Misali Arewa na da As da Jak na shebur, As ɗin zuciya shi kaɗai, da ƙaramin ganye. Ke kina da ƙaramin shebur, Sarauniyar zuciya da ƙarama, da As ɗin ganye. Gabas na riƙe da Sarki da Sarauniyar shebur, da Sarkin zuciya da ƙarama. In kika fara da As ɗin ganye, zai yar da ƙaramar zuciya, As ya kayar da Sarkinsa, amma ba ki da hanyar komawa hannunki ki ci da Sarauniya. Maganin shi ne ki fara buga As ɗin zuciya tukuna, da gangan ki mayar da Sarkinsa babba a dangin. Ga ido kamar kin yi masa kyauta. Sai ki zo hannunki da ganye, ya tarar ba zai iya riƙe Sarkin zuciya da shebur biyu a katuna biyu ba. Wannan dabara ta girmi birij ɗin kansa. Sunan birnin Biyana na Ostiriya take ɗauke da shi, kuma tun zamanin wasan wist aka san ta, a ƙarni na 19, alhali tsarin birij na kwantiragi da muke bugawa yau Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafinsa a 1925.

Tunda a waya kike bugawa, ki yi amfani da abin da mu ba mu samu ba a zamaninmu. Bayan an gama hannu ana iya buɗe katunan kowa a sake bi zagaye zagaye. Duk kwantiragin da kika faɗi da ci ɗaya, ki koma ki duba ko akwai mutum ɗaya da ke gadin dangi biyu. Za ki yi mamakin yawansu.

Daga wani ɗalibi a Kashere: "Baba, ni kullum ni ake matsa wa. Akwai mafita, ko sai haƙuri?"

Akwai, ɗana, amma ba a lokacin da aka ajiye katin matsi ake nemanta ba. A lokacin an riga an gama. Tun baya ake tsere masa.

Hanya ta farko ita ce ku hana mai kwantiragi daidaita lissafinsa. In ka lura yana miƙo muku ci da hannu biyu a kwantiragin 12, ka tsaya ka yi tunani kafin ka karɓa, domin wani lokaci ƙin karɓa shi ne ke bar wa abokinka katin rara. Haka kuma in kuna da ci huɗu a kwantiragin tara, kada ka yi gaggawar kwashe su duka in ba ka ga inda na biyar zai fito ba. Sau da yawa na ga mutum yana kwasar dogon danginsa yana murna, abokinsa a can gefe yana zufa, domin shi ne yake matse shi da kansa. Hanya ta biyu ita ce ku kai hari kan ƙofa. In ka ga dangin da mai kwantiragi zai bi ya shiga hannun shimfiɗe a ƙarshe, ka buga dangin nan tun da wuri, ka tilasta masa ya kashe As ɗin kafin lokacinsa. Barazanar da ba a iya isa wurinta ba ta tsoratar da kowa.

In kuwa duk da haka an kai ka bango, ka riƙe dangin da idonka ke gani. Arewa na da shebur huɗu a shimfiɗe, kai ma kana da huɗu, to wannan gadi tabbatacce ne, kada ka sake shi. Ka saki wanda barazanarsa ke ɓoye a hannun mai kwantiragi, domin mai yiwuwa abokinka na da abin da zai taimaka a can, mai yiwuwa kuma mai kwantiragin bai ƙirga ba. Kuma ka yanke shawarar abin da za ka yar tun zagaye biyu ko uku kafin a zo wurin, ka ajiye shi da saurin da ka saba ajiye kowane kati. Dattijon nan na jirgin ƙasa, Allah ya jiƙansa, goge tabaraunsa ne ya gaya mini cewa duka biyun suna hannunsa.

Wanda ke da hannun da ya ɗaure masa kai ya rubuto shi cikakke kamar yadda malamin Kumo ya yi, katunan mutum huɗu, da yadda cinikin kwantiragin ya gudana, da katin da aka fara fitowa da shi. Malamin Kumo kuma, ranar Asabar ka raba wa abokanka wannan hannu a buɗe a kan tabarma, ka ba wanda ya zauna a Gabas katunansa, ku buga shi sau biyu, sau ɗaya da As a zagayen farko, sau ɗaya da 8.